Cocin da ya ɓace a ƙarƙashin wurin ajiye motoci: ta yaya aka gane kabarin sarki a Lesta?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Salamu alaikum malamai. Tambayata a kan tonon da aka yi ne a birnin Lesta na Ingila a 2012, wanda aka ce an samu ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a ƙarƙashin wurin ajiye motocin ma'aikatan hukumar birnin. Iya abin da na sani shi ne an kashe shi a yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485, aka kawo gawarsa Lesta aka binne a cocin wasu sufayen Kirista da ake kira Greyfriars, daga baya kuma aka rushe cocin.

To, coci ya shekara fiye da 470 ba ya nan, gari ya hau kansa, ko dutse ɗaya babu a sama. Ta yaya mutum zai tsaya a kan kwalta ya ce nan za a haƙa? Na biyu, tsohon birni irin wannan ai cike yake da kaburbura. Me ya sa aka haƙiƙance wannan ƙwarangwal ɗin na sarkin ne? Ko gwajin DNA ne kaɗai ya raba gardama? Don Allah a yi mini dalla-dalla, na gaji da irin bayanin jarida.

Malam Na-Kufai ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da za ki fara riƙewa shi ne coci aka fita nema, sarki ya zo ne a ƙarshen jeri. Masu aikin, wato sashen tono kayan tarihi na Jami'ar Lesta a ƙarƙashin Richard Buckley, da Mathew Morris mai kula da fili, sun jera buƙatu biyar: a gano gidan sufayen, a gane inda gine-ginensa suka fuskanta, a gano cocin, a gano sashen gabas na cocin inda sufaye ke zama su yi ibada, sannan in da rabo a samu kabarin. Shi kansa Buckley bai sa rai da na biyar ɗin ba. Philippa Langley ta ƙungiyar masoya Richard na Uku ce ta dage har aka tara kuɗin aikin.

Kafin a taɓa cebur sai an gama da takardu. John Rous, wanda ya yi zamani da sarkin, ya rubuta cewa a sashen ibadar sufaye na cocin 'yan ɗariƙar Faransis aka binne shi. Ruwan tokar tufafinsu ne ya jawo musu sunan Greyfriars. Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan a 1538, aka rushe shi aka sayar da kayan ginin. Daga baya Robert Herrick, wanda ya taɓa riƙe magajin garin, ya gina gida da lambu a wurin. A 1612 wani baƙonsa, Christopher Wren, mahaifin shahararren mai zanen gine-ginen nan, ya ga ginshiƙin dutse a lambun da rubutu cewa nan gawar Richard take. Taswirar garin ta 1741 ta nuna lambun, kuma sunayen tituna ba su manta ba, don har yau akwai titin Grey Friars da Friar Lane. Idan aka ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa, aka daidaita su da abin da bai taɓa gusawa ba, irin cocin St Martin da ke tsallaken titi, sai iyakar harabar ta fito fili.

Akwai kuma tatsuniyar da ta daɗe tana hana mutane neman kabarin, wai lokacin rushe cocin an tone ƙasusuwan an watsa a kogin Soar. Mai zana taswira John Speed ne ya yaɗa ta a 1611, kuma bincike ya nuna kufan wasu sufayen daban, Blackfriars, ya je ya duba, bai ga kabari ba, sai labari ya samu gindin zama.

Sanin iyakar haraba bai gaya maka inda coci yake a cikinta ba. Kashi 17 cikin 100 na harabar ne kawai babu gini a kai, kuɗin da ke hannu kuma na haƙa kashi 1 ne tak. A 2011 an bi filin da na'urar rada mai leƙen ƙarƙashin ƙasa, ba ta ba da abin kirki ba. Haka take yi a cikin gari: bututun ruwa, wayar lantarki, ɓaraguzan bulo da tsofaffin ramuka duk suna mayar da siginar, sai hoton ya zama tarkace. A gona ko filin ciyawa ne take da amfani.

Dabarar da ta yi aiki mai sauƙi ce. Cocin wancan zamani gabas da yamma yake miƙewa, bagadi, wato teburin ibada, yana gabas. Saboda haka dogayen bangayensa gabas da yamma suke tafiya. In ka yanka rami siriri daga arewa zuwa kudu, dole ka gitta su. In ka yanka gabas da yamma, kana iya tafiya a tsakanin bango biyu har ƙarshen fili ba ka taɓa ko ɗaya ba. Shi ya sa aka shata ramuka biyu daga arewa zuwa kudu, kowanne tsawon kimanin mita 30, faɗin mita 1.6, wato faɗin bokitin motar tono, aka ɗan karkace su yadda ɗaya zai ci gaba daga inda ɗayan ya tsaya. Na uku an buɗe shi daga baya a filin wasan tsohuwar makarantar Alderman Newton da ke maƙwabtaka.

Yadda ake buɗewa: a fara bin ƙasa da na'urar gano waya da bututu a yi alama, a yanka kwalta da zarto, sannan motar tono ta riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da bokiti marar haƙora. Mai haƙora yana yaga ƙasa ya ɓata bambancin launi, kuma launin nan shi ne karatun gaba ɗaya. Mutum ɗaya yana tsaye gaban bokitin idonsa a ƙasa. Da zarar an wuce cikon zamani, sai a tsayar da mota a koma diga da cebur da cokalin magini.

A nan ne wanda bai saba ba zai ce babu komai, domin bangayen kansu babu su. Masu rushewa sun bi har harsashi sun kwashe dutsen da zai sake ginuwa, suka mayar da tsakuwa da ɓarɓashin farar ƙasa cikin ramin. Abin da ya rage shi ne zane mai haske a cikin baƙar ƙasa, miƙaƙƙe, mai faɗin bangon da ya tafi. Daɓen ma haka: an ɗaye tayil, amma shatinsa ya zauna a kan kwaɓin farar ƙasar da aka ɗora shi, har ana iya gane girmansa da yadda aka jera shi. Da irin waɗannan aka karanta ginin. An ga doguwar baranda mai shatin tayil, ita ce gefen gabas na tsakar gidan sufaye. An ga ɗaki mai dakalin dutse a jikin bango, shi ne zauren shawararsu, wanda a tsarin irin waɗannan gidaje gabas da tsakar gida yake zama. Daga nan aka gane coci yana arewa, rami na uku kuma ya tabbatar, don a cikinsa aka ga bangayen cocin da gindin kujerun da sufaye ke zama suna fuskantar juna.

Abin da jarida ba ta cika faɗa ba: ƙasusuwan ƙafar nan an gan su ne tun ranar farko, 25 ga Agusta 2012, a ramin farko. Ba wanda ya ɗaga su. An rubuta, an rufe, aka ci gaba da neman bango, saboda a ranar ba a san ko cikin coci suke ko a maƙabartar waje ba. Sai da tsarin ginin ya fito aka ga kabarin yana bakin yamma na sashen ibadar sufaye, daidai inda Rous ya faɗa, kuma wuri ne da ba a binne kowa da kowa. Sannan aka karɓi lasisi aka tone shi a ranakun 4 da 5 ga Satumba. Da an kwashe shi ranar farko an zuba a kwali, da an zubar da rabin hujjar.

Rubutun ma da ƙa'idarsa. Kowace shimfiɗar ƙasa, kowane yankan rami, kowane ciko, lambarsa daban da takardarsa daban. Ana zana shi daga sama a ma'aunin 1:20, a zana gefensa a 1:10, a ɗauki tsayinsa, sannan a cire. A ƙarshe a jera lambobin a jadawalin da Edward Harris ya ƙirƙiro a 1973, mai nuna wanne ya riga wanne. Tono rushewa ne, abin da ka cire ba ya komawa, takardar ce ke maye gurbinsa.

Likitar Ƙashi ta amsa:

Allah ya ƙara sani Malam. Bari in ɗora daga bakin kabarin, tunda tambayarta ta biyu a nan take.

Kabarin kansa ya yi magana kafin ɗakin gwaji. An haƙa shi cikin gaggawa: gefensa a karkace, ƙasansa ba a daidaita ba, kuma ya yi wa mamacin kaɗan, har kansa ya jingina da bangon ramin ya ɗago sama. Babu ƙusoshin akwatin gawa, babu alamar an naɗe shi da likkafani, domin wanda aka naɗe gaɓoɓinsa a matse suke zama. Hannuwansa a haɗe suke a kan ƙugun dama, abin da ya sa wasu ke zaton a ɗaure aka sa shi, amma igiya ba ta rayuwa shekara 500 a irin wannan ƙasa, don haka zato ne kawai. Tafin ƙafafunsa babu, wani gini na ƙarni na 19 ya yanke su. Da magina sun ɗan ƙara matsawa, da babu wannan zancen.

Ɗagowar kan nan ta jawo ɓarna. Ana zaton ƙoƙon kai yana daidai da zurfin ƙafafu, ashe ya fi su tudu, sai diga ta same shi. Wannan ya kawo mu ga abin da ake fara koya wa mai duba ƙashi: karayar yau bakinta fari ne, mai gautsi, launinta ya bambanta da sauran ƙashin. Raunin da aka yi lokacin mutuwa, ƙashi yana ɗanye, bakinsa santsi ne kuma ya rine da ƙasa daidai da ko'ina. Wanda mutum ya rayu bayansa kuwa za a ga ƙashi ya fara toho a gefe. Jo Appleby ce ta jagoranci wannan ɓangare, kuma raunuka 11 aka ƙirga na lokacin mutuwa, 9 a kai. Biyu a gindin ƙoƙon kai, kowannensu ya isa kisa. Akwai ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a ƙashin ƙugu wanda makami ya shiga ta baya, wurin da sulke zai kare, shi ya sa ake ganin bayan an tuɓe gawar aka yi shi don wulaƙanci. Babu rauni a hannu irin na mai kare kansa.

Namiji ne, bai gaza shekara 25 ba, bai kai 40 ba. Richard ya mutu yana da 32. Ƙashin bayansa ya lanƙwashe gefe, lanƙwasar da ta fara bayan ya wuce shekara goma, kuma za ta sa kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu, yadda Rous ya siffanta shi. Ba ƙusumbi ba ne, kuma hannuwansa biyu lafiya lau, saɓanin abin da maƙiyansa suka yaɗa. Ba don lanƙwasar ba tsayinsa zai kai mita 1.74.

Ga wani kuskuren da ya kamata ɗalibi ya riƙe. An samu guntun ƙarfe mai tsatsa a tsakanin ƙasusuwan baya, aka sanar da 'yan jarida cewa mai yiwuwa kan kibiya ne. Da aka ɗauki hotonsa da kyau sai ga shi ƙusa ce, wataƙila ta zamanin Rumawa, wadda ta shigo da ƙasar ciko. Lesta tsohon garin Rumawa ne, Ratae sunansa, duk inda ka haƙa kabari sai ka tayar da kayansu. Samun abu kusa da gawa bai sa ya zama nata ba.

Gwajin kabon 14, mai auna daɗewar mutuwar mai ƙashin, shi ma sai da ya so ya ruɗa mutane. An aika guntayen haƙarƙari ɗakunan gwaji biyu, ɗaya a Oxford, ɗaya a Sukotland. Na farko ya ba da 1412 zuwa 1449, ɗayan 1430 zuwa 1460. Duka sun riga 1485. Dalili shi ne abinci. Kabon da ke cikin teku ya tsufa da kimanin shekara 400 a kan na iska, wanda kuwa ya ci kifin teku da yawa sai ƙashinsa ya nuna ya girmi shekarunsa. Manyan mutanen wancan zamani suna cin kifi sosai saboda yawan ranakun da coci ya hana cin nama. Ana gane yawan abincin tekun daga sinadaran kabon da naitirojin na ƙashin, sai a yi gyara. Bayan gyara aka samu 1450 zuwa 1540 da tabbacin kashi 95.4 cikin 100. Ki lura, wannan bai ce Richard ne ba. Cewa ya yi babu abin da ya hana ya zama shi.

Har ƙasar da ke cikin ƙugunsa an ɗiba, aka ga ƙwan tsutsar ciki da yawa. Hikimar ita ce an ɗibi ta wajen kai da ta gefen kabari don kwatance: ta kai babu ko ɗaya, ta gefe 'yan kaɗan. Ba don wannan kwatancen ba, sai a ce ƙazantar gari ce kawai.

Sai DNA, aikin Turi King. Tun a rami masu tono suka sa riga mai rufe jiki da safar hannu da takunkumi, don gumi ko numfashin mai rai yana iya rinjayar ɗan abin da ya saura a tsohon ƙashi. Daga haƙora da ƙashin cinya aka ɗiba. Irin DNA da aka bi shi ne wanda uwa kaɗai ke gadar wa 'ya'yanta. Richard bai bar zuriya ba, sai aka bi ta yayarsa Anne ta York, daga 'ya zuwa 'ya, salsalar da masanin tarihi John Ashdown-Hill ya fara bibiya. An samu mutum biyu masu rai. Ɗaya ya dace ɗari bisa ɗari, ɗayar ta bambanta da harafi ɗaya tak, abin da ba baƙo ba ne a tsawon ƙarni biyar. Amma ta ɓangaren maza, da aka gwada zuriyar wani basarake, Duke na Beaufort na biyar, waɗanda a rubuce suka haɗa kaka da Richard ta wajen uba, bai dace ba. Wannan bai rushe hujjar ba, ya dai nuna cewa a wani wuri cikin doguwar salsalar akwai wanda uban da aka rubuta masa ba shi ne ya haife shi ba.

Saboda haka ƙanwata, DNA shaida ɗaya ce cikin shaidu. Irin na uwa ma dubban dangi na nesa suna iya tarayya a kai. Da aka haɗa wuri, shekaru, jinsi, ƙashin baya, raunuka da DNA a lissafi guda, a rahoton Disamba 2014, aka samu tabbacin kashi 99.999 cikin 100. Sanarwar farko kuwa tun 4 ga Fabrairu 2013 aka yi ta.

Ɗan Magina ya amsa:

Malam da Hajiya sun ƙosar, amma ina da ja a wuri ɗaya. Kada Lesta ta sa ɗaliba ta ɗauka haka aikin yake kullum. Sa'a ta yi yawa a ciki. Kabarin ya tsira ne saboda wurin ya zama lambu, daga lambu ya zama tsakar gida, daga nan kwalta. Inda aka yi gini mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa a ƙarni na 18 ko 19, an kwashe komai har ƙasar asali, ba abin da za a samu. Kuma fita neman mutum ɗaya sananne ba shi ne aikin yau da kullum ba, da yawa cikin masu sana'ar ma ba sa son irinsa.

Yawancin tono a cikin gari mai gini ne ke jawo shi kuma shi ke biya. A Ingila abin ya kankama ne bayan rigimar 1989, lokacin da aka ci karo da harsashin tsohon gidan wasan Rose a Landan ana shirin gina ofisoshi. A 1990 gwamnati ta fitar da ƙa'idar cewa kafin izinin gini sai an duba abin da ke ƙasa, in za a iya barinsa a wurinsa a bar shi, in ba hali mai gini ya biya a tone a rubuta. Ma'ana kana aiki ne da agogon ɗan kwangila a kanka.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne cocin Notre-Dame na Paris bayan gobarar 15 ga Afrilu 2019. Za a kafa dandamalin ƙarfe na magina mai tsayin kusan mita 100 don sake gina hasumiyar tsakiya, kuma sai an zuba masa daɓe mai ƙarfi a mahaɗar cocin. Hukumar Inrap mai tono kayan tarihi a Faransa ta samu daga Fabrairu zuwa Afrilu 2022 kawai, kuma iya zurfin da daɓen ke buƙata aka yarda ta sauka. A ɗan wannan wurin aka samu akwatunan gawa biyu na darma. Ɗaya da allon suna, Antoine de la Porte, babban malamin cocin da ya mutu a 1710 yana da shekara 83. Ɗayan babu suna, kuma har yanzu masana ba su haɗu a kan ko wane ne ba. Kin ga bambancin da Lesta: akwai gawa, akwai gini tsaye, amma babu takardar da ta ce wane yana daidai nan.

A ganina abin da ya fi akwatunan daraja shi ne gutsattsari fiye da 1,000 na shingen dutse mai sassaƙa da aka gina wajen 1230 don raba sashen limamai da na jama'a, wanda aka rushe a farkon ƙarni na 18 aka binne a ƙarƙashin daɓe. Ɗaruruwa daga ciki da fentinsu na asali. Irin wannan ba a wanke shi, ba a goge shi da buroshi, ba a barinsa ya bushe farat ɗaya, in ba haka ba fentin ya ɓamɓare ya bi ƙasa. Da ƙasarsa ake ɗaga shi a kai wa masu gyara. Hanyoyin ɗumama ɗaki na bulo da aka shimfiɗa a ƙarni na 19 sun riga sun ratsa wurin sun yanka abin da suka tarar, kamar dai ginin da ya cinye ƙafafun Richard.

Sai lafiyar mai aiki, wadda ɗalibai ke mantawa. Rami in ya doshi mita 1.2 ana tokare gefensa ko a yi masa matakala, cikon gari kuwa sako-sako ne, yana iya zubowa tun kafin nan, musamman bayan ruwan sama. Ba a tara ƙasar da aka fitar a bakin rami. Darma guba ce: a Notre-Dame rufin darma ne ya narke, ƙurarsa ta cika ko'ina, ma'aikata sai da rigar kariya da wanka kafin fita. Akwatin darma da yake a rufe ruf ba a buɗe shi a fili. Ana zura ƙaramar kyamara ta inda ya tsage, sannan a kai shi ɗakin gwaji; na Paris Toulouse aka kai su.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Mu dai a wajenmu tone kabari ba ƙaramin abu ba ne. Su wa ke ba su izini, kuma ina ake kai mamatan bayan an gama? Sannan shi cocin da aka sha wahalar ganowa, me ya same shi? An mayar da kwalta ne an ci gaba da ajiye motoci?

Malam Na-Kufai ya amsa:

Su ma ba su ɗauke shi wasa ba ƙanwata. A Ingila dokar binne gawa ta 1857 ta haramta ɗaga gawa ba da izini ba. In ƙasar tana ƙarƙashin Cocin Ingila, kotun coci ce ke ba da izini. In ba ta ƙarƙashinsa, kamar Greyfriars da ya bar hannun masu addini tun 1538, Ma'aikatar Shari'a ce ke ba da lasisi. Lasisin yana shar'anta a yi aikin cikin mutunci, a kare wurin daga idon masu wucewa, a kuma faɗi inda ƙasusuwan za su ƙare. Na Lesta ya ba da damar ɗaga mutum shida ne kawai. Al'adar masu aikin ita ce wanda ba dole ba a bar shi inda yake, wanda aka ɗaga kuma in za a sake binne shi a kai shi tsarkakakkiyar maƙabarta mafi kusa.

Wannan al'adar ce ta kai su kotu. Wasu da ke danganta kansu da dangin sarkin suka kafa ƙungiyar Plantagenet Alliance, suna son a kai shi York, suka ce ba a yi shawara da jama'a ba. Ranar 23 ga Mayu 2014 alƙalai uku na babbar kotu suka ce lasisin yana nan daram. Aka sake binne shi ranar 26 ga Maris 2015 a cocin St Martin ɗin nan na tsallaken titi, wanda ya zama babban cocin Lesta tun 1927. An jera ƙasusuwan a akwatin itacen oak mai rufin darma a ciki, kuma kafintan da ya ƙera akwatin shi ne mutumin nan na zuriyar Anne ta York da DNA ɗinsa ya dace ɗari bisa ɗari.

Cocin kuwa an koma masa a Yulin 2013, aka buɗe fili mai faɗin mita 17 da tsawon mita 25 na tsawon mako huɗu, don a ga gabashin ginin gaba ɗaya maimakon leƙe ta siririn rami. A kusa da inda bagadi yake aka ɗaga akwatin dutse mai tsawon mita 2.12, sai da mutum takwas suka taru a kan murfinsa, a ciki kuma ga wani akwatin na darma. Takardu sun ba da sunayen manyan maza uku da aka binne a cocin, shugabannin ɗariƙar biyu da wani jarumi, kowa ya zuba ido a kansu. Da aka buɗe, tsohuwa ce. Sauran kaburburan da aka tone a wurin ma, ban da na Richard, duk mata ne, a cocin da maza zalla ke zaune. Mafi kusa da hankali shi ne masu hannu da shuni ne da suka riƙa ciyar da gidan, aka saka musu da makwanci kusa da bagadi. Takardun da suka kai mu ga sarki ba su ba da tabbacin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bayan an gama rubutu, abin da ba a ɗaga ba ana lulluɓe shi da ƙyalle mai barin ruwa ya wuce, a zuba yashi mai tsabta, sannan ciko. Yashin alama ce ga wanda zai haƙa nan gaba cewa ya iso inda aka tsaya. Tsohuwar makarantar Alderman Newton ta zama cibiyar baƙi a Yulin 2014, aka miƙa ginin har kan kabarin, aka rufe ramin da gilashi yadda mutum zai tsaya ya ga gajartarsa da idonsa. A Disamba 2017 aka sa harabar Greyfriars cikin wuraren tarihi da doka ta kare, yanzu ko bututu za a binne a wurin sai da izinin gwamnati.

In kina son ganin irin aikin da Ɗan Magina yake nufi a wannan unguwar dai, ki bibiyi tonon da su Mathew Morris suka yi a gefen babban cocin daga 2021 zuwa 2023, kafin a gina sabuwar cibiyar koyo. A ɗan fili kaɗan sun ɗaga mamata fiye da 1,100, daga ƙarni na 11 zuwa tsakiyar na 19, kabari a kan kabari. A cikinsu akwai rami guda mai zurfi da aka zuba mutum 123, maza da mata da yara, a farkon ƙarni na 12. Can ƙasa da su duka kuma ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Rumawa, da gindin dutsen bagadi a kife a cikinsa.